Wai da gaske gyaran keke ya fi na mota sauƙi?

Mai Keken Giya:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san kan gyara, na keke ko na mota, domin akwai wani lissafi da ya ƙi zauna mini.

Ina da ƙaramar mota, ina kuma da keke mai giya 11 a baya. Keken nake hawa zuwa wurin aiki, motar kuwa sai in za a fita da iyali ko tafiyar tana da nisa. Duk abin da na kashe a kan abin hawa ina rubuta shi a wani ɗan littafi, shafin keke daban, na mota daban. Da shekara ta zagayo na tara, sai na ga abin da keken ya ci bai yi wa na motar nisa ba. A keken an sauya sarƙa, an sauya haƙoran giya na baya gaba ɗaya, taya biyu, robar birki, wayar giya, da boris na tsakiya inda feda ke juyawa. A motar kuwa juye kawai aka yi, baƙin mai da filta, sai robar goge gilashi da ƙwan fitila ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne taya. Tayar keken ba ta kai rabin kilo ba, ana iya naɗe ta a jefa a jaka. Ta motar sai ka sa hannu biyu kafin ka ɗaga, ga waya a ciki, ga roba mai kauri. Amma kuɗinsu kusan kunnen doki ne, kuma ta keken ta suɗe tun ta motar ba ta ma fara nuna gajiya ba. Haka sarƙar, mai gyaran ya ce ita ta cinye haƙoran, dole a sauya su tare.

Ina son keken nan ƙwarai, ba neman hujjar jingine shi nake yi ba. So nake in gane: masu kayan keke ne ke tsuga mana kuɗi, ko kuwa maganar da ake yi cewa keke ba ya cin kuɗi ce ba ta da tushe?

Tsohon Mai Gyaran Keke:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kyauta da kake rubutawa, don da yawa ba su taɓa tarawa ba, sai dai ji da baki. Bari in fara da sarƙa, domin a cikin jerin da ka kawo ita ce uwar ɓarnar.

Kowace gaɓa ta sarƙa tana juyawa ne a kan wata 'yar ƙusa siririya da zobe kewaye da ita. Ƙura ta shiga ta haɗu da mai, sai su zama wani baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe, duk takun feda ɗaya ƙusar tana ɗan gogewa. A sabuwar sarƙa, tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne cif, wato milimita 12.7, kuma a kan wannan tazarar aka yanka haƙoran. Da tazarar ta ƙaru ko da kaɗan ne, sarƙar ta daina zama a gindin haƙori, ta koma hawa samansa tana fafe shi. Ka karɓi tsofaffin haƙoran da aka cire maka ka duba ƙanana daga ciki, waɗanda ka fi zama a kansu. Za ka ga sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya kamar ƙugiya. In aka ɗora musu sabuwar sarƙa ba za ta kama ba, da ka danna da ƙarfi a hawa sai ta yi tsalle. Saboda haka mai gyaran nan bai cuce ka ba, gaskiya ya faɗa.

Amma ana iya tare abin tun bai kai nan ba, kuma rula kawai kake bukata. Ɗora bakinta a tsakiyar ƙusa ɗaya, ka duba inda inci 12 ya faɗo. A lafiyayyar sarƙa zai faɗo daidai tsakiyar wata ƙusar. In ƙusar ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin sauyi ya yi. In ta zarce da kashi ɗaya cikin 8, to haƙoran ma sun riga sun tafi. Akwai kuma ɗan ƙarfen awo da ake sayarwa, mai alamar 0.5 a gefe ɗaya da 0.75 a ɗayan, ka zura shi cikin sarƙar ka ga ko ya faɗa. Irin naka mai giya 11, da 0.5 ya faɗa ka sauya, kada ka jira. Wanda ke yin haka, haƙoransa na baya sukan ga bayan sarƙa biyu ko uku kafin su bukaci sauyi, na gaba kuma su fi haka daɗewa.

To me ya sa sarƙar keke ke saurin ƙarewa haka? Injin mota da yawa ma akwai sarƙa a cikinsu, wadda ke haɗa juyin sama da na ƙasa, kuma sau da yawa takan daɗe daidai da injin. Bambancin shi ne waccan a rufe take, tana wanka cikin mai da filta ta tace. Taka a fili take, kusa da ƙasa, tayar gaba na watsa mata yashi da ruwa. In ka ce a rufe ta a yi mata kauri, kai ne za ka ɗauki nauyin, tunda kai ne injin. Mutumin da ke tuƙa keke a natse ƙarfin da yake fitarwa bai kai kwatan ƙarfin doki ɗaya ba, ƙaramar mota kuwa tana da na doki 70 ko fiye. Mota ba ta jin ƙarin kilo goma a jikinta, kai kuwa kilo ɗaya ma sai ka ji shi a gwiwa in hanya ta miƙe sama. Shi ya sa aka rage wa komai na keke nama, abin da aka rage wa nama kuwa ba ya daɗewa.

Taya ma haka take. Zanen sabuwar tayar mota yakan kai zurfin milimita 8, kuma a ƙasashe da yawa doka ta yarda a yi ta tafiya a kanta har ya sauko 1.6. Robar da ke saman tayar keken gudu 'yar kaɗan ce, kuma da gangan aka yi ta da laushi don ta kama titi ta kuma yi saurin gungurawa. Ta baya ce ke fara suɗewa, don a kanta mafi yawan nauyinka yake, ita ce kuma ke tura keken.

Sai maganar yawan giya. Wurin da haƙoran baya ke zama kusan bai canza ba, amma ana ta ƙara cusa haƙora a ciki. Sarƙar giya 8 faɗinta ya ɗan haura milimita 7, ta giya 11 kuwa wajen biyar da rabi ce. Komai ya ƙara sirancewa, aikin ƙira ya ƙara tsanani, kuɗi ya hau. Ba keke ne ke cin kuɗinka ba, ɗana, irin keken da ka zaɓa ne.

Bakaniken Mota:

Baba ya gama magana a kan keke, Allah ya ƙara lafiya. Ni ta wajen motar zan shigo, don a nan nake ganin lissafinka ya karkace, Malam.

Shekarar da ka auna shekarar hutu ce ga motarka. Mota ba ta karɓar kuɗinta kaɗan-kaɗan yadda keke ke yi, tarawa take sai ta zo maka da shi a dunƙule. Buɗe littafin da kamfanin ya ba da tare da motar ka duba jadawalin kula, za ka ga abin da ke jiranka a gaba. Batir yakan yi shekara 3 zuwa 5. Man birki ana so a sauya shi wajen kowace shekara 2, saboda yana zuƙar danshi daga iska. Taya huɗu ne, kuma galibi kusan tare suke ƙarewa. Ga takalmin birki, ga fulogi, ga shokazoba, ga ruwan lagireto, ga kuloci in mai giyar hannu ce. Kamfanin Toyota da kansa ya ce mota ɗaya tana da wajen sassa 30,000 in aka ƙirga har da ƙananan noti. Mafi yawansu ba za ka taɓa taɓa su ba, amma waɗanda za ka taɓa sun isa.

Ɗauki bel ɗin taimin a motocin da ke amfani da shi maimakon sarƙa. Roba ce mai haƙora, kuɗinta ba wani abin tashin hankali ba ne. Kamfanoni sukan ce a sauya shi tsakanin kilomita 60,000 zuwa 160,000, gwargwadon motar, ko bayan wasu shekaru ko da ba a yi tafiyar ba. Kafin hannuna ya kai gare shi sai na kwance murfi, na cire sauran bel, a wasu motocin har sai na tallafe injin na kwance abin da ke riƙe da shi. Tunda an riga an buɗe, sai mu ce a sauya famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin a lokaci ɗaya, don kada a biya wannan aikin sau biyu. In kuma aka bari ya tsinke ana cikin tafiya, a injina da yawa fistin zai tashi ya tarar da bawul a buɗe, su yi karo. Na sha cire kan inji in ga bawul sun lanƙwashe, saman fistin da shatar duka a jiki. A nan ba maganar bel ake yi ba kuma, maganar rabin inji ake yi.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe. In ka yi jinkiri a keke, sarƙa ta ci haƙora, asarar tana da iyaka, ko me ya yi zafi ba za ta wuce kuɗin keken ba. In ka yi jinkirin juye a mota har mai ya zama kwalta inji ya buga, gyara ɗaya zai iya sayen keke irin naka ya bar canji.

Sai kuɗin aiki. A mota, sau da yawa ladan bakanike ya fi kuɗin abin da aka sauya. Faifan kuloci ɗaya ne, amma sai an sauke giyabos kafin a gan shi. Motocin yanzu kuma sai da kwamfuta, tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wurin jona na'urar gano matsala, sauran ƙasashe suka bi baya. Fitila ta kama a gaban direba, sai an jona an karanta kafin a san inda za a dosa, shi ma da kuɗinsa. Keke kuwa komai nasa a fili yake, ido na gani, hannu na kaiwa. Da makullan noti 'yan kaɗan da famfo da abin yanke sarƙa, rabin abin da ka lissafo za ka iya yinsa da kanka a tsakar gida.

Kuma kada ka manta motarka tana tsufa ko tana ajiye. Roba na bushewa ta tsage, batir na sauka, mai na lalacewa. Duba gefen tayarka, akwai lamba huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tunda ba ka cika hawa motar ba, mai yiwuwa shekaru ne za su kashe tayoyin nan, ba tafiya ba.

Mai Keken Giya:

Na gode, Baba, na gode, Oga. Na ɗora rula a kan sabuwar sarƙar, ta faɗo daidai kan inci 12, yanzu na san daga inda zan fara lura. Maganar bel kuma ta sa na buɗe littafin motar, na ga ashe nawa yana gab da lokacinsa.

Amma har yanzu ɓangare ɗaya na tambayata yana nan. Na yarda kayan keke ba sa daɗewa saboda an rage musu nauyi. To in ƙarfen kaɗan ne, robar ma kaɗan ce, me ya sa ba su yi arha ba? Robar birkin keke ba ta fi ɗan yatsa ba, amma in ka kwatanta ta da takalmin birkin mota da ke tsayar da fiye da tan ɗaya, sai ka ga ba a yi mana adalci ba.

Uwar Sito:

Ɗan'uwa, na daɗe ina aiki a harkar kayan gyara, kuma abin da na gani shi ne nauyin kaya ba shi ke yanka masa kuɗi ba. Yawan da ake ƙerawa da yawan masu ƙerawa su ke yankawa.

Ka ɗauki Corolla. Tun 1966 ake yin ta, kuma zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50. Filtar mai ko takalmin birkin mota irin wannan, kamfanoni barkatai ne ke yi, kowa na neman ya karya wa ɗan'uwansa farashi, kuma filta ɗaya takan shiga motoci iri-iri. Kayan giyar keke na zamani kuwa kusan a hannun kamfanoni ƙalilan suke: Shimano na Japan, SRAM na Amurka, sai Campagnolo na Italiya. Kowannensu da tsarinsa, kuma sau da yawa abin canja giya na wannan ba ya aiki daidai da na wancan. Da an ƙara haƙori ɗaya a baya, an fito da sabuwar sarƙa, sabon abin canja giya, wani lokaci har da sabuwar cibiyar ƙafa. Boris na tsakiya da ka ce an sauya maka, shi kaɗai yana da salo da dama, wani a murɗa shi, wani a danna shi da ƙarfi, faɗinsu ma ba ɗaya ba. Mai shago dole ya ajiye kaɗan-kaɗan na kowane iri, wasu su shekara a kan kanta ba a tambaye su ba, kuma kuɗin wannan zaman a kanka zai fita.

Saboda haka a wannan gaɓar ina bayanka, akwai tsadar da ba ta da alaƙa da amfanin da kake samu. A cikin kayan kamfani ɗaya ma akwai hawa-hawa, kuma na saman yawanci rage nauyi kake saye da ƙarin kuɗin, ba daɗewa ba. Ga mai zuwa aiki, na tsakiya ya wadatar. Boris kuma, in irin rufaffen nan ne, duba lambar da ke jikin robarsa, irin su 6902 ko 6001. Lambar ta masana'antu ce gaba ɗaya, wurin masu sayar da boris na injina za ka same shi ba tare da tambarin keke a kwalin ba. Sai dai ka kula da jabu, a keke da mota duka, musamman abin da ya shafi birki.

Kuma a yi adalci, mota ma tana da irin wannan. Wanda ya sayi motar da ba ta da yawa a kan titi, fitilar gaba ɗaya sai ta sa shi zufa.

Mai Baƙin Keke:

Ni dai ina karantawa ina mamaki. Nawa keken giya ɗaya ne, irin mai birkin sanda da murfin sarƙa, samfurin da Raleigh ta yi suna da shi a Ingila, kamfanoni irin su Phoenix da Flying Pigeon suka yi ta ƙerawa a Sin. Sarƙarsa mai kauri ce, a miƙe take tafiya ba ta karkata hagu da dama, murfin kuma ya hana ƙura. Boris ɗinsa 'ya'ya ne a sake, in sun yi ƙara a kwance a wanke, a sa giris, a zuba sababbi. Abin da yake ci a wurina faci ne, sai taya jefi-jefi da robar birki. Yana da nauyi, a hawa sai na sauka na tura, wannan ban musa ba. Amma in ana cewa keke ba ya cin kuɗi, irin wannan ake nufi, kuma gaskiya ne. Malam, kai ka sayi sauri da sauƙin hawa, su kake biya.

Mai Keken Giya:

Haka ne, Yaya, sai dai hanyata akwai hawa mai tsawo, ba zan iya rabuwa da giya ba. Baba, tambaya ta ƙarshe: wane mai ya kamata in riƙa sa wa sarƙar? Wani ya ce mini in riƙa tsiyaya mata baƙin man da aka juye daga motar.

Tsohon Mai Gyaran Keke:

Kada ka sa mata wannan, ɗana. Man da aka juye cike yake da garin ƙarfe da dattin inji, abin da kake gudu shi za ka zuba mata da hannunka. Giris ma bai dace ba, ba ya shiga ciki, a waje yake tsayawa yana tara yashi. Nemi man sarƙar keke, akwai mai kauri na lokacin ruwa, akwai marar danƙo na lokacin ƙura.

Yadda ake sawa ya fi irin man muhimmanci. Fara goge sarƙar da tsumma har baƙin ya ragu. Sai ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowane zobe ta cikin sarƙar, kana juya feda baya a hankali. Bar shi ya ɗan jima ya shiga, sannan ka sake goge wajen sosai har ya zama kusan a bushe, domin a cikin gaɓa ake bukatar man, wanda ya rage a waje ƙura kawai yake kira. In ruwa ya dake ka a hanya, ka goge ka sake sawa a ranar.

Ka rage zama a kan ƙaramin haƙorin baya, don nauyin duka a kan haƙora kaɗan yake sauka. Kada kuma ka haɗa babba na gaba da babba na baya, sarƙar na tafiya a karkace. In za ka canja giya a hawa, sassauta ƙafa tukuna.

Iskar taya kuma ka duba ta kowane mako, tayar keke siririya tana saurin sauka fiye da ta mota. Adadin da ya dace yana rubuce a gefenta. In ka ga tub ya huje wuri biyu dab da juna, ba ƙusa ba ce, ƙarancin iska ne ya sa bakin rim ya cije shi a rami. Idan ta baya ta suɗe, mayar da ta gaba baya, ka sa sabuwar a gaba, don a gaba ne fashewa ta fi haɗari.